Rabin Gemun Sarkin Tudu

Sarkin Tudu da Sarkin Kwari aminai ne, har suka yi alkawari cewa duk mai laifin da ya tsallaka rafin da ya raba su, a mayar da shi. Rannan Barmo wanzami yana yi wa Sarkin Tudu gyaran fuska, atishawa ta kufce masa, rabin gemu ya tafi. Ya sheƙo Kwari, ya ɓuya ɗakin Iya Kande mai daddawa.

Jakadan Tudu ya iso fada. "Ko ku ba mu Barmo ya sha bulala, ko aminci ya mutu."

Sarkin Kwari ya sa aka kira mai masaukin Barmo. Iya Kande ta gyara zama. "Ranka ya daɗe, a ba su. Amma kai jakada, alkawarin nan mu kaɗai ya ɗaure?"

"Ya ɗaure kowa, Iya."

"Madalla. Wa ke yi wa sarkinku miyar taushe?"

"Tabawa. In ba girkinta ba, ba ya ci."

"To, Tabawa tamu ce. Tukunyata ta fasa bara, ta gudu. Kawo ta, ka tafi da wanzaminka."

Washegari saƙo ya zo daga Tudu: Sarki ya ce a bar maganar, gemu zai sake tsirowa.