Dila da Ƙashin Farfesu

Ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, mai haƙori ya lallaɓa abinsa.

Wai an yi wani mahauci, Jatau, mai yin kilishi. In ya shanya a kan asabari, karensa Duna ke gadi. Duna kuwa fiƙoƙi ne da shi farare tas, ko hamma ya yi sai ɓarawo ya tuba. Jatau tsoka yake ba shi, bai taɓa yarda ya ba shi dafaffen ƙashi ba.

Dila ya daɗe yana haɗiyar yawu a bayan danga. Ƙamshin kilishi ya ce zo, fiƙar Duna ta ce koma. Zo, koma, zo, koma, har ya rame.

Ran nan ya je jujin mai farfesu, ya tono ƙasusuwan ƙafar saniya biyu, sun dahu sun bushe sun zama dutse. Ya kawo, ya yi sallama.

"Ɗan'uwa, ga tsaraba."

Duna ya ce, "Maigida ya hana."

Dila ya dafe ƙirji. "Kare ba ƙashi? Ashe da gaske ne abin da ake faɗa a daji, wai tunkiya Jatau ya ajiye!"

Zuciya ta ɗebi Duna. Ya cafki ɗaya ya gartsa. Ji kake ƙaras! Ba ƙashin ba ne, jama'a, fiƙar ce ta rabe biyu! Jini ya ɓalle, Duna ya faɗi yana birgima yana wayyo Allah.

Dila ya ce, "Subhanallahi, sannu!" Yana sannu yana naɗe kilishi, yana sannu yana naɗe kilishi.

Da ya tafi haka da ya tsira. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Sai ya hangi ɗaya ƙashin, mai rami kamar zobe, da ɗan ɓargo a ciki. Ya haɗa da shi, ya ruga daji. Ya ajiye kilishi, ya ce bari ya fara da ɓargo. Ya zura harshe, bai kai ba. Ya zura haɓa. Sai ƙashi ya yi zuruf, ya wuce bayan fiƙoƙinsa na ƙasa, ya zauna daram.

Ya ja, ya ƙi. Ya buga da itace, ya ƙi. Baki ya ƙi rufuwa, yawu na zuba, ga kilishi tuli a gabansa. Tsoro ya kama shi, don ya ga yunwa za ta kashe shi a kan abinci.

Yana cikin haka sai ga Kura.

"Malam Dila, kalaci ya kawo kansa."

Dila ya daure, magana na fita da yawu: "Ranki ya daɗe, ci ni. Sai dai ki bar ƙashin nan. Shi ya karya haƙorin Duna, kuma an ce ke ma ya fi ƙarfinki."

"Ni? Wa ya faɗa?"

"Duk daji."

Kura ta kama ƙashi ta datsa. Ƙaras! Ya tarwatse, tsininsa ya soke ta a maƙogwaro. Ta zaro ido tana kakari, Dila ya suri kilishi, ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Da ya kai raminsa ya kai cizo, sai ya ji kilishi na zamewa. Ya shafa bakinsa. Innalillahi! Fiƙoƙin ƙasa duka biyu sun bi ƙashi, suna cikin Kura.

Ya lallaɓo bayan danga don ya ga abokin wahala, ko ya ji sanyi. Me zai gani? Jatau ya kira wanzami ya cire guntun fiƙar, ya ɗora kan Duna a cinya, yana ba shi dambun nama a baki. Dila ya tsaya da kilishi a dasashi, yana tsotsa kamar jariri, yana hawaye.

Ƙurunƙus kan ƙashin ƙafar saniya! In za ka karya haƙorin wani, ka fara aje naka a gida.