Bijimin da Ya Daina Tuƙa

Akwai wani mutum, manomi, wanda ya ɗaure ɗan bijimi a turke a bayan gidansa. Ya tsaya a gaban ikilisiya ya yi alkawari da bakinsa cewa ranar bikin Ista shi zai kawo naman da kowa zai ci, har marayu da gwauraye. Jama'a suka yi murna, suka sa masa albarka.

Da aka gama kaka, sai ya tara karan dawa da harawar wake, yana sassara karan ƙanana yana zuba wa bijimin a komi. Bijimin yakan ci, ya kwanta a inuwa, ya dawo da abincin bakinsa yana tuƙa a hankali. Jiki yana zuwa, amma sannu sannu, shi kuwa mutumin nan ba shi da haƙuri ko kaɗan.

Kusa da garinsu akwai wata masana'anta inda ake dafa masara a tace ta a fitar da itanol, abin da ake haɗawa da man mota. Abin da ya rage bayan tacewa shi ne wata jiƙaƙƙiyar dusa mai laushi, mutane suna kiranta dusar kamfani. Abinci ne mai kyau ƙwarai, idan an gauraya shi da kara. Mutumin ya ɗebo ya gwada. Kai, zo ka ga ci! Bijimin ya tura kai cikin komi bai ɗago ba sai da ya lashe. Ba a daɗe ba tozo ya miƙe, gashi yana ƙyalli.

Sai mutumin ya ce a ransa, "Ashe wahalar banza nake yi da sassarar kara." Ya rage kara, ya ƙara dusa. Daga baya ya daina ba da kara gaba ɗaya. Harawar ya rabar wa masu awaki, sauran karan kuma ya cinna masa wuta don ya huta da tarkace.

Wata rana da yamma matarsa ta dawo daga bayan gida ta ce, "Maigida, ka lura kuwa? Bijimin nan ya daina tuƙa. Yana kwance, amma bakinsa shiru."

Ya yi dariya ya ce, "Haba, uwargida, me zai tuƙa? Abinci mai laushi kamar kunu? Ai hutu na ba shi."

Bai sani ba, Allah ya yi cikin sa domin tuƙa ne. Karan nan mai kaushi shi ke sa ya dawo da abinci ya sake taunawa, yawun da yake haɗiya kuma shi ke kwantar da tsamin ciki. Da babu kara, sai dusar ta taru ta yi tsami. Ana gab da biki aka wayi gari bijimin yana nishi, cikinsa ya kumbura ta gefen hagu. Mutumin ya ruga gidan maƙwabci ya roƙo harawa ya kai masa baki, amma bijimin ko sunsunawa bai yi ba. Kafin rana ta take ya mutu a turkensa. Ranar Ista mutumin ya zauna can baya a majami'a, kunya ta hana shi ɗaga ido, marayu kuwa suka ci tuwonsu babu nama.

Ma'anar wannan misali ita ce: bijimin nan ranka ne, ɗan'uwa, komin kuwa kunnenka ne. Dusa mai laushi ita ce maganar ta'aziyya da alkawarin albarka. Ba mugun abu ba ne, ni ma ina sonta. Kara shi ne maganar da take da wuyar haɗiya, wadda ke cewa ka tuba, ka gafarta wa wanda ya cuce ka, ka mayar da abin da ba naka ba. Tuƙa kuwa ita ce ka koma gida ka dawo da abin da ka ji, ka yi ta juya shi a zuciya har ya zama naka.

Na san mu sarai. In an yi wa'azin albarka, amin ɗinmu har rufin majami'a yake girgizawa. In aka taɓo zunubi, sai kowa ya fara leƙen ƙofa. Wannan yana damuna, domin mai irin wannan ci yakan yi kyan gani a waje har ranar da gwaji zai zo. Saboda haka maganar da ta fi sukar ka yau, kada ka bar ta a kan benci. Tafi da ita gida, ka zauna ka tuƙa ta tun bakinka bai yi shiru ba.