Baƙuwar da Ta Fito daga Ƙwan Maƙiyi

An yi wata Hawainiya a gonar masara kusa da fadama, mai yawan kallo da ƙarancin gaggawa. Kafin ta ɗaga ƙafa ɗaya, wani ya je rafi ya dawo. Maƙwabcinta kuwa Jangwada ne, ƙadangare mai cika baki, wanda in ya haɗiye ƙuda ɗaya sai ya yi ta gyaɗa kai kamar ya kashe zaki.

Ganyen masarar nan shi ne rufin asirinsu, domin kullum shirwa na shawagi a sama tana neman abin sura.

A wannan damina sai 'yan tsalle suka sauka a gonar. Ƙananan ƙwari ne masu tsotse ruwan ganye, su bar shi da zanen rawaya har ya yamutse. Hankalin Hawainiya ya tashi, don ta san in ganye ya ƙare, tasu ta ƙare. Sai suka raba aikin farautar ƙwarin, Jangwada ya ɗauki gabas, ita yamma.

Wata rana da hantsi ta leƙa bayan wani ganye, ta ga ƙwayayen 'yan tsalle jere a cikin jijiyarsa. Wasu farare ne, wasu kuma sun yi ja. Ta juyo ido ɗaya, ta juyo na biyun. Sai ga jan ƙwai ɗaya ya huje, wata halitta ta fito, ko ƙwayar acca ta fi ta girma.

Har Hawainiya ta naɗe harshe za ta harba, sai ta tsaya. Abin nan bai yi tsalle ba. Tafiya yake, yana taɓa ganye da wasu siraran ƙahoni biyu masu kauri a kai. Da ya buɗe fikafikai, ta ga an yi musu geza kamar gashin ido, rana na wucewa ta cikinsu.

"Ikon Allah! Ke kuma wace ce?" in ji ta.

"Rina ce ni, Gwaggo," in ji 'yar halittar, da wata murya da sai an kasa kunne.

"Rina? Ai na san rina, tana da sheƙa, tana harbin mutane."

"Manyan gidanmu ke nan. Ni ƙwan ɗan tsalle nake harbi. Uwata ta sa ni a ciki, na cinye shi na fito. Duk ƙwan da kika ga ya yi ja, ɗayanmu ce a ciki. Ki ba ni hanya, kwanakina kaɗan ne."

Hawainiya ta bi ta da kallo. Ta ga ta hau farin ƙwai, ta soka masa wani tsinke da ya fi gashi siranta, ta sa nata ƙwan a ciki, ta wuce na gaba. Mamaki ya hana Hawainiya cin abinci ranar. Ashe a cikin abin da bai kai kan allura ba akwai ido, akwai ƙafa, akwai dabarar yaƙi!

Ta lallaɓa gabas, ta tarar da Jangwada yana lashe 'yan rinar da zarar sun fito.

"Tsaya, maƙwabci! Dakarunmu kake cinyewa!"

"Dakaru? Daga ƙwan wa suka fito?"

"Daga na ɗan tsalle, amma dubi fikafikansu. Ka ga sun yi tsalle?"

"Abin da ya fito daga ƙwan maƙiyi, maƙiyi ne! Ke da sai kin shekara kina kallon abinci, za ki koya mini farauta? Ga su ma da garɗi." Ya sake lashe wasu, ya gyaɗa kai.

Hawainiya ta koma da baƙin ciki, tana gadin jajayen ƙwai a ɓangarenta.

Kafin masara ta yi goyo, yamma ta yi kore shar. Gabas kuwa 'yan tsalle suka yi yawan da cikin Jangwada ya kasa ɗauka. Ganye ya bushe, ƙasa ta fito fili. Shirwa ta hango jan kansa, ta sauko kamar jifa. Da ƙyar ya sha, ya bar mata wutsiyarsa.

Ya ja ciki zuwa yamma, ya kwanta a inuwa yana haki. Hawainiya ba ta yi masa gori ba, sai ta ce, "Ɗaga kai ka duba."

Wata 'yar rina ta sauko ta zauna a kan hancinsa, tana gyara gezar fikafikanta. Jangwada ya haɗa ido biyu a kanta, ya daɗe yana kallo. Yunwa na cinsa, amma ya dantse baki har ta tashi.

"Ashe haka suke," ya ce a hankali.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka yanke wa abu hukunci don ƙanƙantarsa ko don inda ka ga ya fito. Ka tsaya ka duba da kyau, domin mai girman kai da haɗama yakan cinye wanda ke tsaron ransa bai sani ba.