Tanderun Gwauruwa da Kwanon Amoniya

Akwai wata gwauruwa a wani gari, tana da tanderu na ƙarfe mai aiki da gas. Mijinta ne ya sayo mata tun yana da rai, ya kafa shi a kicin da hannunsa. A cikinsa take gasa wa cocinsu gurasar Jibin Ubangiji kowane farkon wata, shekara goma sha ɗaya ba fashi. Ba ta iya waƙa ba, ba ta iya tsayawa gaban jama'a ba, amma gurasar nan ita ce hidimarta, tana kuwa ƙaunarta ƙwarai.

Da mijin ya rasu, sai ta shiga gasa wa mutane kaji da kifi na biki don ta riƙe 'ya'yanta. Kowace kaza takan bar ɗan maiƙo a bangon tanderun, kowane kifi ya bar nasa. Ita kuwa takan gama aiki a gajiye liƙis, ta rufe ƙofar ta ce sai gobe. Kada ku ɗauke ta ƙazama. Bayan tanderun kullum a goge yake, har mutum ya ga fuskarsa. Cikin ne ya yi baƙi ƙirin, maiƙo a kan maiƙo, wuta ta gasa shi har ya zama kamar kwalta.

Wata Lahadi aka rarraba gurasa, sai ga ta tana ƙarnin tsohon kifi. Gwauruwar ta ga wani dattijo yana taunawa ya runtse ido, ta kuwa san ba addu'a ce ta sa shi ba. Bayan sujada matar fasto ta ja ta gefe, ta ce mata a hankali, "'Yar'uwa, in aikin ya yi miki yawa, wata mai zuwa sai mu sayo burodin kanti." Ba da mugunta ta faɗa ba, amma maganar ta soki gwauruwar har zuci.

Ta koma gida ta durƙusa gaban tanderun. Ta sa wuƙa, ta sa soson ƙarfe, ta sa toka da sabulu. Kwana uku tana kankara, farcenta ya karye, yatsunta suka tsage, abin da ta cire bai cika cokali ba. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

A haka maƙwabciyarta ta same ta, wata tsohuwa da ake kira Mama Keziya, wadda ta yi shekara talatin tana girki a makarantar kwana. Tsohuwar ta leƙa tanderun, ta koma gida ta dawo da wata kwalba.

Ta ce, "Wannan amoniya ce, 'yata, maganin wanke dauɗa mai ƙarfin wari. Ki rufe gas ɗinki, tanderu ya huce. Ki zuba ta a kwano ki ajiye a cikin tanderun daga sama, tukunyar ruwan zafi a ƙasa, ki rufe ƙofa. Kada ki kuskura ki haɗa ta da bilic na wankin fararen kaya, haɗin nan guba ne. Ki bar tagogi a buɗe."

Gwauruwar ta ce, "Daga nan fa, Mama?"

"Daga nan ki je ki zauna."

To, zaman nan shi ne abin da ta kasa. Macen da ta saba ci da guminta ba ta yarda wani abu zai gyaru hannunta yana kan cinya ba. Ba a yi rabin awa ba ta buɗe ta leƙa, warin ya buge ta, idanunta suka cika da hawaye, ta ja da baya tana tari. An jima ta sake buɗewa, ta ɗan kankara. Kafin yamma ƙarfin amoniyar ya fice ta ƙofa, maiƙo yana nan yadda yake. Ta je ta ce, "Mama, maganinki bai yi ba."

Tsohuwar ta yi dariya ta ce, "Sau nawa kika buɗe?" Da ta ji amsa, sai ta zo ta zuba wata da kanta, ta rufe ƙofar, ta kama matar a hannu ta ce, "Zo ki taya ni ɓarar gyaɗa. In kika taɓa ƙofar nan kafin gari ya waye, ni da ke ne."

Da safe suka buɗe, suka tsaya nesa har warin ya fita. Gwauruwar ta ɗauki tsumma da ruwan ɗumi ta shafa sau ɗaya. Abin da ya gagari wuƙa kwana uku ya biyo tsumma kamar laka. Ta tsaya tana kallon wurin da ta shafa, sai hawaye suka zubo mata, wannan karon ba na wari ba. Cikin tanderun ashe shuɗi ne. Haka yake ranar da mijinta ya kawo shi, ita kuwa ta daɗe da mantawa, tana tsammani da baƙinsa aka ƙera shi. Farkon watan da ya biyo baya, gurasarta ce aka kakkarya a kan teburin Ubangiji.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Tanderun zuciyarka ce. Maiƙon kuwa ba wani babban zunubi ba ne na rana ɗaya. Ɗan fushin da ka kwana da shi ne, da maganar da aka faɗa maka ka ƙi mantawa, da baƙin cikin da ba ka sami lokacin kai wa Allah ba domin kana fama da neman abin da yara za su ci. Muna goge waje mu zo sujada, amma abin da aka gasa a ciki yakan fito da warin ciki, mutanen gidanmu ne kuwa suke fara ɗanɗanawa.

Wuƙa da soson ƙarfe ƙoƙarinmu ne, ranar da muka ce daga yau na daina, sa'an nan jibi muka koma. Amoniya kuwa Maganar Allah ce da aikin Ruhunsa. Tana sa hawaye, ba na ɓoye muku. Ba ta kuma son gauraye, wato ka riƙe ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da ramuwa. Abin da take nema shi ne ka shigar da ita, ka yi shiru a gaban Ubangiji, ka daina leƙawa kowane minti kana cewa na yi addu'a ban ga canji ba. In ta tausasa abin, tsumma naka ne: ka je ka nemi gafara, ko ka yafe.

Wataƙila akwai wani a nan da ya daɗe yana cewa, "Ni haka nake, haka Allah ya yi ni." Ina tausayinka, domin gajiya ce ta kai ka can. Amma ba da baƙin nan aka yi ka ba. Kai ka manta launin zuciyarka, wanda ya ƙera ta bai manta ba.