Jarkar da Mai Amya Ya Ƙi Yarwa

An yi wani manomi mai amya a kan itatuwan ɗorawa a bayan gonarsa. Yana ƙaunar ƙudan zumansa ƙwarai, har matarsa takan tsokane shi ta ce, "Baban Rifkatu, da a ce ƙudan nan suna cin tuwo, ai da mu mun sha kwana da yunwa." Shi kuwa sai ya yi dariya.

Ya tsare su daga wutar daji, ya tsare su daga tururuwa da ɓarayi. Da rani ya yi, rafi ya ƙafe, sai ya ajiye musu kasko a gindin itace, ya jera tsakuwa a ciki don kada su nutse. Kowace safiya yakan ɗebo musu ruwan rijiya a wata jarka wadda maganin ciyawa ya ƙare a cikinta da damina. Jarka ce mai ƙwari, murfinta gam. Kun dai san halinmu, wa zai yar da jarka mai kyau? Ya ɗan ɗauraye ta, ya ce ta yi.

Ƙudan suka sha, suka kai gida, suka shayar da 'ya'yansu. Ba su mutu nan take ba. Sai dai waɗanda suka fita kiwo suka riƙa ɓatan hanya, ƙanana kuma suka riƙa mutuwa a cikin saƙa. Amya bayan amya ta yi tsit, har saura guda, wadda ya gada daga mahaifinsa.

Ya zauna a gindin ɗorawar yana hawaye, yana cewa, "Wane maƙiyi ne ya yi mini haka?"

Matarsa ta kawo masa abinci, ta ɗauki jarkar za ta wanke hannu, ta shinshina. Ta ce a hankali, "Maigida, ba maƙiyi ba ne. Ruwanka mai kyau ne, jarkar ce ke wari."

Mutumin ya tashi ya haƙa rami ya binne jarkar, ya fasa kaskon, ya sayo sabon tulu da sabon kasko. Kafin ɗorawa ta sake fure, amyar mahaifinsa ta cika da ƙugi.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwana ƙaunatattu. Ƙudan nan 'ya'yanmu ne. Ruwan nan Maganar Allah ce, jarkar kuwa zuciyarmu. Muna ƙaunarsu, na sani. Muna tsare su daga mugayen abokai, muna koya musu addu'a. Amma da bakin da muka zagi maƙwabci jiya muke koya musu, su kuwa suna shanye duka biyun, su kai wa ƙannensu. Ɗauraya ta ranar Lahadi kaɗai ba ta fid da tsohon ɗaci. Mu roƙi Ubangiji sabuwar zuciya tun gidan yana cike da hayaniyarsu, kada wata rana mu zauna a tsakar gidan da ya yi tsit muna neman maƙiyi.