Hannu Na Goma Sha Shida

Ya 'yan uwa, ku ɗan matso gaba. Matasan da kuka mamaye jikin hita, ku ba dattawa wuri. Yau labarin mutum ɗaya zan ba ku, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Wasunku sun san shi. Wanda ya sani ya kama bakinsa, ba don darajar mutumin ba, sai don 'ya'yansa da har gobe suke hawa bas ɗin Stockport Road, nan Manchester, tare da namu.

An yi wani mutum, ɗan majalisar dokoki a wata jiha can gida. Majalisar tasu ta mutum ashirin da huɗu ce. Kakakinta wani dattijo ne ana kiransa Malam Sanda, tsohon hedimasta. Shi ya koyar da mutumin nan a firamare. Shi ya kama hannunsa ya koya masa rubuta sunansa. Da ya girma ya gama yawon neman aiki bai samu ba, shi ne dai ya ja shi cikin siyasa, ya bi ƙauyuka yana cewa, "Ɗana ne, ku zaɓe shi."

To, ɗan ya shiga majalisa, ya ga kujerar Kakaki, ya ga jiniya, ya ga yadda ake shigowa da sandar majalisa kowa ya miƙe tsaye. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Ga shi kuma Gwamna ya gaji da Malam Sanda, domin dattijon ba ya barin takarda ta wuce sai ya karanta ta layi-layi kamar yana duba jarrabawa.

Dokar majalisa ita ce ba a tsige Kakaki sai da sa hannun kashi biyu cikin uku. Mutum goma sha shida ke nan. Mutuminmu ya yi zirga-zirga, ya yi alkawura, ya yi rantse-rantse, bai haɗa fiye da tara ba.

A cikin majalisar akwai wani bawan Allah Kirista, Gamaliel, aminin Malam Sanda tun suna kwalejin horon malamai. A lokacin ciwon shanyewar jiki ya kama shi, an kawo shi asibiti a ƙasar nan, can Birmingham, matarsa Monica tana jinya. Malam Sanda ya ce a rubuta masa wasiƙar gaisuwa da sunan majalisa. Shi ya sa hannu a shafin farko, ƙarƙashin wasiƙar. Membobi goma sha biyar da ke nan ranar suka jera nasu a shafi na biyu. Wa za a ba ya aika? Mutuminmu ya yi wuf ya ce shi zai aika.

Bai aika ba. Ya ɓalle shafi na biyu, ya jefar da gaisuwar marar lafiya a kwandon shara, ya manna shafin a bayan takardar tsige ubangidansa. Hannu goma sha biyar sun samu, saura ɗaya. Ya duba ya ga wane ne ba za a iya zuwa a tambaya ba? Wanda ke kwance a ƙasar waje. Ya ɗauki biro, ya kwaikwayi hannun Gamaliel, ya rubuta kwanan wata a gefe.

Ranar Juma'a ce, majalisa tana hutu, Malam Sanda ya tafi ƙauyensu salla. Mutum tara suka shiga zaure da sandar majalisa, 'yan sanda suka rufe ƙofa. Mutane suna masallaci suna sauraron huɗuba, su kuma suna karanta laifukan da suka ƙaga wa dattijo. Minti goma sha biyu aka yi. Aka fito da sabon Kakaki.

Za ku ce ina sauran da aka saci hannunsu? Sun yi ihu na kwana biyu. Aka ba wannan shugabancin kwamiti, aka ba wancan mota, bakuna suka mutu. Su ma suna da nasu hisabin.

Malam Sanda bai yi ihu ba. Ya ce kawai a nuna masa takardar. Ya sa tabarau ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, har ya kai na ƙarshe. Waɗanda ke wurin sun ce kujerar ba ta dame shi ba, na goma sha shidan nan ne ya karya shi. Mutumin da suka ci tuwo a kwano ɗaya shekara arba'in, wanda yake kira duk Lahadi ya ji jikinsa. Daga ranar bai sake ɗaga waya ya kira Birmingham ba. Gamaliel kuwa yana kwance yana tambayar matarsa da rabin baki ko Sanda ya kira. Ya rasu bai ji muryarsa ba. Bayan wata bakwai Malam Sanda ya bi shi. Aminai biyu suka tafi kabari kowa yana ganin ɗan'uwansa ya yashe shi. Wallahi duk sanda na kawo nan a labarin raina ɓaci yake yi.

Mutuminmu ya hau kujera. Ya sa aka buga wani ƙaton kundi mai sheƙi na majalisar wannan zango: hotunan membobi, mazaɓunsu, shugabanni, shi a shafin farko da babbar riga. Don tsabar rashin kunya har hoton takardar nan ya sa a ciki, wai tarihi. Wata goma sha huɗu ya yi. Zango ya ƙare, Gwamna ya gama amfani da shi ya yar, zaɓen fid da gwani ma bai ci ba. Ya tattaro ya biyo iyalinsa nan unguwarmu Longsight da bizar ziyara, ya zauna, biza ta ƙare, ya yi shiru.

Kun gan shi a nan. Kullum sahun gaba. In ka kira shi Alhaji ba zai juyo ba sai ka ce Honarabul. Yana zaune a flat mai ɗaki biyu, matarsa ce ke fita aikin care, wato kula da marasa ƙarfi, tana ciyar da gida, amma in ya shiga wurin mahauci sai ka rantse jiniya ce ta kawo shi.

Sai shekarun nan na tsuke bakin aljihu suka zo. Council, hukumar gari, ta yanke nan ta yanke can, ƙananan ƙungiyoyi irin namu suka rasa ɗan tallafin da suke samu. 'Yan Arewa na Manchester da na Birmingham, Musulmi da Kirista, muka ce gara mu haɗu mu zama ƙungiya ɗaya ko ma ji murya. Aka sa taro a wani zaure a Balsall Heath, can Birmingham, ranar Asabar da hantsi, za a zaɓi shugaba. Ina wurin, ba labari aka ba ni ba.

Mutuminmu ya miƙe ya ce wanda ya riƙe majalisar jiha guda ai ƙungiya ba za ta gagare shi ba. Ya fito da kundin, ya ce a zagaya da shi kowa ya gani. Kundi ya bi hannu-hannu har ya kai layin baya, wurin wata mata mai farar suma da ta kawo mana waina. Monica ce. Tun bayan rasuwar mijinta ba ta koma gida ba, tana aiki a gidan kula da tsofaffi a Perry Barr. Hoton mijinta kawai take nema ta gani. Ta gan shi, ta shafa, ta buɗe shafi na gaba.

Ta miƙe a hankali. Ta ce, "Honarabul, wannan na ƙarshen, hannun wane ne?"

Ya ce, "Na maigidanki ne, Madam. Mutumin kirki, ya tsaya tare da mu."

Ta ce, "Sha huɗu ga Maris aka rubuta. Ranar yana ward a asibitin garin nan, stroke ya kashe masa gefen dama. Ni nake ba shi abinci da cokali. Da wane hannun ya rubuta?"

Ta ƙara duban shafin, muryarta ta sauka, kamar da kanta take magana: "Ashe shi ya sa Baba Sanda ya daina kiranmu."

Ya 'yan uwa, nan ne Allah ya buɗe masa ƙofar tuba a gaban mutum ɗari. Da ya durƙusa ya ce na yi, ki yafe mini, da wataƙila labarin nan ba haka zai ƙare ba. Kun san abin da ya ce? Ya gyara hula ya ce, "Madam, wannan politics ne, ba za ki gane ba." Gwauruwa tana tsaye da kabarin mijinta a hannu, shi yana koya mata siyasa. Ƙuri'a ko ɗaya bai samu ba. A motar komawa Manchester babu wanda ya yarda ya zauna kusa da shi.

Ba a yi shekara ba wasiƙar hukumar shige da fice ta same shi: zamansa ya ƙare, ya bar ƙasa. Ya ɗaukaka ƙara. Lauyansa ya ce abin da zai taimake shi shi ne ya nuna yana da iyali a nan, kuma jama'a sun shaide shi da hali nagari. Ya kawo wasiƙa daga al'ummarsa, da sa hannun mutane gwargwadon iko. Zamansa da 'ya'yansa ya rataya a kan wannan takarda.

Ya ɗauki takarda ya shiga gida-gida. Likitanmu ya ce yana sauri zai tafi aiki. Akantanmu ya karanta ya miƙa masa abinsa. Ya zo wurina bayan La'asar, na ce masa, "Alhaji, zan rubuta cewa kana da mata da 'ya'ya uku, kuma yaran suna bukatar uba, don wannan gaskiya ce. Hali nagari kuwa ba zan iya ba, sai ka je ka nemi gafarar matar nan tukuna." Ya ce shi ba zai je Perry Barr ya durƙusa wa mai goge tsofaffi ba. Ya naɗe takardarsa ya fita. Mako uku yana yawo, hannun da ya samu bai wuce na matarsa ba.

A daidai lokacin ne aka ce za a rufe ɗan laburaren unguwarmu, inda yaranmu ke yin aikin makaranta, inda dattawa ke fakewa da sanyi suna karanta jarida. Aka ce in mun tara hannu dubu za a saurari kokenmu. Matan unguwa suka tsaya a kasuwa cikin ruwan sama suna tarawa. Bayan sallar Juma'a muka cika shafi uku a ƙofar masallacin nan. Wa zai kai wa masu haɗawa? Sai ga mutuminmu, wai hanyarsa ce. Wani wanda bai je Birmingham ba ya miƙa masa.

Hali zanen dutse. Ya ɓalle shafukan ukun nan ya manna su a bayan wasiƙarsa. Koken laburare ya tafi da giɓin hannu sittin, bai kai dubu ba, ko karanta shi ba a yi ba. Kun ga ginin yanzu, katako ne a tagoginsa.

Abin da ya manta shi ne nan ba zauren da zai sa a rufe ƙofa ba ne. Ina zaune wayata ta yi ƙara, wata jami'a ce, daga hukumar shige da fice, ta ce sunana ne na farko a wata takarda, shin na san mutumin nan da gaskiya da riƙon amana? Na ce ni dai laburare na sa wa hannu. Aka kira na biyu, aka kira na uku. Aka kira ni gaban alƙali na maimaita, yana zaune yana kallona kamar ni na cuce shi. Ƙararsa ta faɗi. Aka ɗaure shi kan takardar jabu, ya gama wa'adinsa, aka wuce da shi filin jirgi. Ƙaramar 'yarsa tana aji uku a firamare lokacin.

Ya sauka gida yana tunanin ko ba komai a can shi tsohon Kakaki ne. Bai san Monica ta aika wa Saudatu, 'yar Malam Sanda, takardar asibitin mijinta ba. Saudatu ta kai kotu, ba kujera take nema ba, sunan ubanta take son wankewa. Kotu ta ce zaman minti goma sha biyun nan ba a yi shi ba. Majalisa ta gyara kundinta. A jerin shugabanni, sunan Malam Sanda ya cike shekara huɗun cif.

Wanda ya gani da idonsa ya faɗa mini cewa mutumin ya je majalisar da babbar rigarsa. A bangon da ake jera hotunan Kakakai, wurin nasa ƙusa ce kawai ta rage. Ya ce wa mai gadi, "Ba ka san ni ba?" Mai gadi ya ce bai sani ba, ya tura masa littafin baƙi da biro, ya ce ya rubuta sunansa ya sa hannu.

Ya 'yan uwa, kada wani ya yi murmushi ya ce wannan na 'yan siyasa ne. Kai da kake sa wa abokinka hannu a takardar halartar aji a uni alhali yana gida yana barci, mene ne sunan abin da kake yi? Ke da kike cike timesheet na awannin da ba ki yi ba fa? Kai da kake rubuta wa mutum reference na neman aiki ba ka taɓa ganin aikinsa ba, don kawai garinku ɗaya? Sa hannu shaida ce. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ko da baki aka yi ta ko da biro. Mutumin nan layi ɗaya ya ja a takarda, ya raba aminai biyu har kabari, ya rufe wa yaranmu laburare, ya mai da 'ya'yansa marayu yana raye. Kuma akwai ranar da za a rufe bakuna, hannayen nan namu su ne za su yi magana.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya koya mana riƙe alƙalami. Allah ya kiyaye hannayenmu daga rubuta abin da za su tona mana gobe. Allah ya shirya 'ya'yan mutumin nan, kada ya kama su da laifin ubansu. Ku tashi mu yi salla.