Tabaryar da Muttaka Ya Ɓoye

Akwai wani mai sayar da hatsi a Gummi, sunansa Muttaka. Ya taso yana ganin Innarsa tana daka da tsohon ciki, sai ya yi wa kansa alkawari: in Allah ya hore masa, matarsa ba za ta taɓa tabarya ba.

Wajen shekarar 2002 kasuwa ta buɗe masa. Matarsa Zulai na samun ciki, ya ɗauke tabaryarta ya cusa a rumbu. Shara ma ya hana ta. Da safe shayi mai kauri da burodi, da rana fura an zambaɗa mata sukari, da yamma ga lemon kwalba ɗaure a bayan babur.

Ni dai ban ce ba ƙauna ba ce. Amma har da son a gani, don ba ya shiga gida da lemon nan sai ya tsaya a majalisa an gaisa.

Zulai ta yi ƙiba, ga ƙishirwa da yawan fitsari. Ranar awo, Sista Christiana, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a garin, ta gwada ta, ta sa aka kira mijin.

"Malam Muttaka, sukari ya hau a jinin matarka. Ciki yakan kawo haka. A rage zaƙi, ta riƙa motsa jiki, kuma ta dawo bayan sati biyu."

Ya yi dariya. "Sista, so kike in bar iyalina da yunwa? Wagga magana ba da ni ba."

Daga ranar ya hana zuwa awo.

Da haihuwa ta zo, kwana biyu Zulai tana naƙuda. Yaron ya yi girma fiye da kima, kafaɗarsa ta maƙale. Da ƙyar aka ceto uwar, shi kuwa bai zo da rai ba. Muttaka da hannunsa ya ɗauke shi zuwa maƙabarta, kuma bai taɓa manta nauyinsa ba.

Bayan arba'in ya koma wurin Sista, kansa a sunkuye. Ba ta yi masa gori ba.

Ta ce, "Rai na Allah ne. Amma in kuna fatan wani, tun kafin a samu ciki ake fara gyara."

Ya koma gida ya zaro tabarya daga rumbu. Zulai ta karɓa, ta share ƙurar da gefen zanenta, ta ce, "Ashe tana nan."

Lemo ya ɗauke. Aka koma tuwon dawa daidai ciki, da wake, da kwaɗon zogale, da kifi, fura kuma ba sukari. Kullum da la'asar Zulai takan taka zuwa gidan Inna a ƙarshen gari, ga babur a jingine a zaure.

Nan fa gari ya ɗauka. Abokinsa Labbo ya tare shi a gaban jama'a: "Muttaka, mi yaf faru? Kasuwa ta juya maka baya? Lemo ya ɓace, har daka anka ji gidanka!"

Maganar ta yi masa zafi ƙwarai. Washegari har ya tsaya a shagon lemo, sai nauyin yaron nan ya faɗo masa a rai. Ya tada babur ya wuce.

Bayan kusan shekara, Zulai ta sake samun ciki. Wannan karon shi yake kai ta awo. Sista ta ce a bar daka mai nauyi, amma tafiya ta ci gaba. Duk gwajin da aka yi, sukari yana daidai.

Ta haifi mace lafiya. Da Muttaka ya shigo yi mata huɗuba, Gwaggo Uwani ta miƙo ta tana taɓe baki.

"Wagga ɗiya hwa ba ta da nauyi. Ina ita ina na hwarko!"

Jaririyar ta callara ƙara a hannunsa. Hawaye suka zubo masa.

Ya ce, "Gaskiyarki, Gwaggo. Amma wagga tana kuka."

Darasi: Gatan mai ciki ba zaƙi da zama wuri ɗaya ba ne. A rage sukari, a ci abinci mai gina jiki, a motsa jiki daidai gwargwado tun kafin ciki, kuma kada a yi wasa da awo, ko da mutane za su yi surutu. Ku tura wa ma'aurata labarin nan, musamman magidanta.